Azumi Talatin da Bencin Awo

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Asibitin Garinmu, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya kawo mana ƙarshen fitinar 'yan bindiga da ta raba mutanenmu da gonakinsu, tun daga Sabon Birni har Isa.

Alhaji, ka san ni, na san ka. Ni ce Hajara, ɗiyar marigayi Malam mai zauren bakin kasuwa, wadda ke karantar da mata a Islamiyya fiye da shekara ashirin. A zauren mahaifina ka yi karatu, ina ƙarama ina kawo muku ruwa. Saboda haka ba za ni yi maka kewaye-kewaye ba.

Sau biyu na zo ƙofar gidanka. Na farko aka ce ka tafi Isa ta'aziyya. Na biyu aka ce kana gona, alhali ina jin tarinka daga cikin zaure. Na aiko da takarda, shiru. To, tun da a bainar jama'a ka yi maganar da ta kawo wannan wasiƙa, a bainar jama'a za ka sami amsarta.

Magana ce a kan yarinya 'yar shekara goma sha biyar. Ba za ni rubuta sunanta ba, za ni ce da ita ɗiyata, don ɗiyar ƙanena ce. Ban ɗauki alƙalami ba sai da na nemi izininta da na uwarta. Na karanta mata abin da za ni faɗa a kanta, na ce in akwai wurin da ba ta so in cire. Sai ta ce, "Goggo, bar shi duka. Ƙarya ta gama zagaye gari, gaskiya ma a bar ta ta zagaya."

Na ɗaya: zaman Alhamis da kuka rufe.

Shekara uku muna zama da 'yan mata a tsakar gidana kowace Alhamis bayan la'asar, ni da malamar asibiti, wato unguwarzomar da gwamnati ta turo mana. Yara daga shekara goma sha biyu zuwa sama, kowace da yardar uwarta. Wasu iyayen ma kan biyo su, su zauna baya da faifai wai tsintar wake suke, kunnensu kuwa yana wurinmu.

Ni nake karantar da hukuncin haila da wankan tsarki. Ita malamar asibiti take bayanin jiki: yadda ake wanke ƙyalle a shanya shi a rana maimakon a tura shi ƙarƙashin katifa da danshinsa, wane ciwon mara ne na al'ada, wane ne na zuwa asibiti, abin da ke kawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi. Muna gaya musu cewa ba mai ikon taɓa jikinsu, da wanda za su faɗa wa in wani ya tare su a hanyar rijiya. Muna kuma gaya musu cewa yarinyar da ta kai sha biyar ba ta ga jini ba, ta faɗa, kada ta ɓoye. Ka riƙe wannan na ƙarshe.

Muna da gwangwanin madara da muka huda wa murfi. Mai jin kunya sai ta rubuta tambayarta ba suna ta jefa ciki. Har yanzu takardun suna cikin akwatina. Wata ta rubuta, "Malama, in jini ya zo mini ina cikin salla, na yi saɓo?" Wata kuma, "Gaskiya ne in na yi wanka da ruwan sanyi lokacin al'ada ba za ni haihu ba?" Wannan ne iskancin da aka ce muna koyarwa.

Da daminar bara wani magidanci ya ga ƙunshin audugar mata a jakar ɗiyarsa, ya ce maganin hana haihuwa ne. Audugar da ake tare jini da ita, Alhaji. Ya kawo muku ƙara. Ba ku kira ni ba, ba ku kira malamar asibiti ba, ba wanda ya buɗe ƙunshin ya duba. Sai sakatarenka ya tsaya a ƙofar gidana ya ce kwamiti ya ce a dakata har a yi bincike. Ita kuma malamar asibiti aka gaya mata in ta sake zuwa za a nemi a ɗauke ta daga garin. Yau kusan shekara ke nan, binciken bai ko sa takalmi ba.

Na yi biyayya. Wannan biyayya tana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Ina da tambaya. A zauren mahaifina, ku kusan ashirin, gardawa masu gemu, kun karanta babin haila da babbar murya. Malam yana yi muku bayanin launin jini da adadin kwanaki, kuna maimaitawa. Ina bayan zana ina ji. Ba wanda ya tashi ya ce an ɓata shi. Ashe abin da ya halatta gardi ya haddace, shi ne ya haramta ga wadda jinin ke fita daga jikinta?

Na biyu: yadda azumi ya zame wa ɗiyata laifi.

'Yan bindiga suka kashe ƙanena a gonarsa, a wani ƙauye can wajen Tsamaye. Da kakar bara matarsa ta gudo nan da yaranta da tsohuwar uwarta, muka samar musu ɗaki kusa da ni. Wata biyu ke nan bayan kun rufe zamanmu. Ka lura da lissafin, don za mu dawo kansa: ɗiyata ba ta taɓa zama a tsakar gidana ranar Alhamis ba, ko sau ɗaya.

Na sa ta makaranta, aji uku na ƙaramar sakandare. Duk 'yan ajinta sun fara al'ada, ita ba ta fara ba. Suka gane, suka riƙa kiranta ƙwaila. Baƙuwa, marainiya, 'yar ƙauye, ga kuma ƙwaila. Sai ta yi dabara irin ta yaro. Kowane wata takan yi ciwon mara mai tsanani na 'yan kwanaki, to in ya zo sai ta daina salla kwana biyar, ta wanke ƙyalle mai tsabta ta shanya inda za a gani. Uwarta ta ga tana fashin salla, ta ce alhamdu lillahi ɗiya ta girma. Ni ma na gani, na ce haka.

Za ka ce ni ina nake, ni mai karantar da 'ya'yan wasu? Na riga ka tambayar kaina, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba. Yarinya ba ta duban idon goggonta ta ce ban ga jini ba. Ni ma ina yarinya ban iya gaya wa tawa goggon ba. Shi ya sa muka huda gwangwani. Da yana nan da ta jefa takarda, ko ta ji an amsa wa wata.

Da watan azumi ya kama, dabara ta ƙare. Barin salla da ƙarya ya riga ya dame ta, amma ta sa abinci a baki da rana tsaka cikin watan, alhali ta san tsarkinta ƙalau, wannan ta kasa. Ta ji tsoron Allah. Ta yi azumi talatin cif, ba ta sha ko ɗaya ba.

Kowace uwa a ƙasar nan tana ƙirga azumin ɗiyarta. Uwarta ta ƙirga, ta ga ba fashi. Ta dubi yarinya, ta ga mararta ta tasa. Ka sa kanka a wurin matar da ta kwana uku a daji da yara tana gudu, ta kuma san abin da kan sami mata a irin wannan gudu. Ba lalata ta fara zargi ba. Tsoronta shi ne an yi wa ɗiyarta wani abu a hanya ta ɓoye. Ta ja ta ɗaki ta ce, "Don girman Allah, wani ya taɓa ki?" Yarinya ta rantse. Amma gaskiyar fashin sallar ta kasa fitowa, don a ganinta barin salla da gangan ya fi komai muni. Bayan ƙaramar salla uwar ta kama hannunta suka nufi asibiti, kamar yadda kuke ta cewa a rediyo a riƙa yi.

Na uku: taga da benci.

Kai ne shugaban kwamiti, amma ina shakka ko ka taɓa shiga asibitin nan a matsayin mara lafiya. Bari in zagaya da kai.

Mace ɗaya ce ma'aikaciya a wurin, kuma a ɗakin awo take zama. Duk macen da ke son mace ta duba ta, ko ƙurji ne a cinya, sai ta bi layin masu ciki. Kafin nan sai ta tsaya a tagar mai ba da kati, wanda Allah ya hore wa murya irin ta mai shela. Ya ce da uwar, "Mi ke damun ta?" Ta sunkuya ta ce a hankali, mara. Ya ɗaga murya, "Mara? Ɗakin awo! Sunan miji?" Ta ce ba ta da miji. Ya maimaita, yadda na ƙarshen layi zai ji, "Ba miji? To, a ba ni na uba."

Bencin awo kuwa a baranda yake, yana kallon hanyar kasuwa, kuma ranar kasuwa ce. Nan ɗiyata ta zauna tun hantsi har kusan azahar, da shuɗin hijabinta na makaranta, tsakanin mata biyu masu tsohon ciki. Duk mai jaki, duk mai babur, duk mai tallar fura ya wuce ya gani.

Ka san harshenmu. In ba awon hatsi ba, "ta je awo" ma'ana ɗaya gare shi. Ba a ƙara masa komai, ba ya bukatar tafsiri.

A ciki malamar asibiti ta yi aikinta, Allah ya saka mata. Ta gwada fitsari, babu ciki. Ta sa uwar ta fita, ta zauna da yarinya har ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya: ita ba ta taɓa ganin jini ba a rayuwarta. Malamar ta duba ta, ta ce tana zaton jinin ne ke taruwa a ciki bai sami hanyar fita ba, ta rubuta takarda ta ce a kai ta babban asibiti a Sakkwato, kada a jima.

Takarda ba ta da ƙafa, harshe ke da ita. Kafin su iso gida labari ya riga su. Washegari a bakin rijiya wata ta ce, da gangan don uwar ta ji, "'Yar gudun hijira ta zo muna da tsaraba." A makaranta 'yan bencinta suka kwashe jakunkunansu suka bar ta ita kaɗai. Kwana biyu ta jure, a na uku ta ƙi fita.

Na huɗu: abin da ka faɗa.

Da maganar ta tsaya a bakin rijiya, da na bar ta a matsayin surutun mata. Amma ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, a majalisar ƙofar gidanka, ka ce: "Kun ga abin da na hango muku tun bara? Yaran da anka buɗe wa ido ke nan." Mutum uku suka kawo mini, kowa daban, kuma kalmomin ba su saɓa ba. In ƙarya suka yi maka, fito ka faɗa, ni kuma za ni tsaya a wurin in nemi gafararka.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To me ka hango, Alhaji? Yarinyar da ka kafa hujja da ita ba ta san zaman Alhamis ba, don ka rufe shi kafin ta zo. Ba buɗe mata ido aka yi ba. Rufe shi aka yi, kuma da sa hannunka.

Daga majalisarka zuwa asibiti bai kai tafiyar kiran salla ba. Da ka je, malamar ba za ta gaya maka ciwon yarinya ba, don ta san amanar aikinta, amma da ta ce ka kama bakinka. Ba ka je ba. Kuma kai ba jahili ba ne. Ka san hukuncin wanda ya jefi kamammiyar mace da alfasha, ka san shaidu nawa shari'a ta nema kafin a buɗe baki. Kai shaidarka benci ne.

Maganar mai shayi iska ce. Maganar shugaban kwamitin asibiti kuwa, mutane ɗauka suke daga cikin fayil ta fito. Daga ranar nan ba a ƙara cewa "wai" ba.

Na biyar: rezar da na tarar.

A wancan makon motoci ba sa bin hanyar Sakkwato, don an tare ta. Muka zauna jiran a buɗe, ciwo yana ƙaruwa, magana tana ƙaruwa.

Kakar yarinyar, uwar uwarta, ba muguwa ba ce. Tsohuwa ce da ta rasa suruki da gida da rumbu, abin da ya rage mata sunan jikarta, ga shi yana ƙonewa tana kallo. Ta ji an ce jini ne ya toshe, sai ta ce ai wannan gishiri ne, kuma maganin gishiri yanka. Ka san yankan gishiri, wanda ake yi wa mace da aska a gida in al'ada ta ƙi zuwa ko haihuwa ta yi gardama. Ka kuma san matan da aka yi wa, waɗanda suka ƙare da yoyon fitsari, suna zama nesa da mutane a gidan biki, ba su iya tsayawa sahu.

Wata safiya na shiga da kwanon koko. Na tarar an shimfiɗa tabarma bayan ɗaki. Ga ruwan zafi, ga sabuwar reza a cikin kwano, ga tsohuwa mai yanka tana naɗe hannun riga, ga mata biyu da aka kira su danne. An aiki uwar ɗiban itace. Ɗiyata tana tsaye jikin bango ta cusa bakin hijabi a baki, ba ta ko kuka.

Ban san lokacin da kwanon ya faɗi ba. Na ɗauke rezar na jefa a masai. Kakar ta riƙe mini zane ta ce, "Hajara, ke da bokonki! Bari jinin ya hito kowa ya gani da idonai, bakin mutane ya mutu. Ko so kike ta ƙare ba mai aurenta?"

Ka ji, Alhaji? Ba don ciwon kaɗai za ta sa a yanka ta ba. Jinin take so ta nuna wa gari. Amsa take shirya maka, da reza, a jikin yarinya. Da na tsaya gaisawa da maƙwabciya a hanya, da wata wasiƙa kake karantawa yau.

Bayan kwana biyu fitsari ya tsaya mata cak. Ba sauran jira. Muka sami mota ta bi bayan ayarin sojoji, yarinya tana kwance a cinyata tana cizon hannunta, ni ina duban kowane kurmi a bakin hanya. Ba za ni ba ka labarin tafiyar ba, ka san hanyar.

A Sakkwato likita mace ta gan ta. Aka ɗauki hoton ciki. Ta zaunar da mu ta ce yarinyar haka aka haife ta, da wata 'yar fata da ta rufe hanyar jini, don haka al'adarta tana zuwa kowane wata amma tana taruwa a ciki, shi ne ciwon, shi ne kumburin, shi ne ya danne mafitsara. Ta ce ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Aikin da aka yi mata bai kai daɗewar tuƙa tuwo ba. Kwana uku aka sallame mu. Da na ba ta labarin rezar, sai ta ajiye biro ta dube ni, ta ce da an yi, da wuya mafitsara ta tsira. Sannan ta ce, "Yarinya tana wannan ciwo kusan shekara, ba wanda ya taɓa gaya mata ta faɗa?"

Ina da amsa, amma sunanka ne da nawa.

Inda muke yanzu.

Jiki ya warke, alhamdu lillahi. Watan jiya ta yi fashin sallarta na farko na gaskiya. Da ta yi wanka ta zo ta durƙusa ta tambaye ni yadda za ta rama sallolin da ta bari da ƙarya. Ta riga ta ƙirga su da tsinken tsintsiya. Yanzu bayan kowace farilla tana ƙara ɗaya. Wannan ce yarinyar da aka ce ido ya buɗe.

Amma mako bakwai ke nan ba ta taka ƙofar gida ba. Mun dawo mun tarar magana ta canja riga: wai Sakkwato aka kai ta aka zubar. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi, har da jikoki. Na nuna takardar likita ga wanda zai duba, amma gari ba ya karanta takarda, bakin manya yake karantawa.

Kuma kada ka ɗauka ita kaɗai ce. Tun daga ranar bencin nan, malamar asibiti ba ta sake ganin budurwa ko ɗaya a layinta ba. Ba warkewa suka yi ba. Uwaye uku sun zo mini a ɓoye: mai ɗiya da jini ya ƙi tsayawa, mai ɗiya da ƙaiƙayi ya hana karatu, da wadda ba ta iya faɗin nata ba sai kuka. Kowace na ce ta kai asibiti. Kowace ta ce, "Malama, in kai ta awo?" Suna can suna jiƙa sassaƙe, suna sayen ƙwaya a faranti a kasuwa.

Ga abin da nake nema.

Farko, kuma shi ne babba. Ranar Juma'a, a wurin da ka yi maganar, a gaban mutanen da ka yi ta, da muryar da ka yi ta, ka ce ka faɗi abin da ba ka sani ba, yarinyar nan ciwo ta yi, kuma ba ta aikata komai ba. Ba na son a aiko mini sakatare da ban haƙuri. Ni ba a yi mini komai ba. Magana zarar bunu ce, na sani, ba ta komawa. Amma wanda ya zara shi ya kamata a gani yana gyaran rufin.

Na biyu, a buɗe zaman Alhamis. In kuna da shakka, ku zaɓi malamin da kuka yarda da shi ya duba abin da muke karantarwa, layi bayan layi. Ka turo Hajiya matarka ta zauna cikinmu. Kai ma in kana so za ni sa maka tabarma bayan zana, inda na zauna ina jin naku karatun. Samari su ma a samar musu namiji mai hankali ya zauna da su, don abin da suke koya a waya ba wanda ya nemi izinin kwamiti kafin ya koya musu.

Na uku, a raba ganin malamar asibiti da awo. Akwai ɗakin da kuka tara karyayyun kujeru a bayan asibiti, ƙofarsa ba ta kallon hanya. A share shi, a sa rana ɗaya a mako da kowace mace za ta shiga, budurwa ko tsohuwa, ba tare da an san abin da ya kawo ta ba. Wannan ba ya bukatar kwangila. Tsintsiya yake bukata, kuma ina da ita.

Na huɗu, a gaya wa mai ba da kati aikinsa suna da lamba. Ciwo ba a taga ake faɗinsa ba, kuma ba kowace mara ce ke da miji ba.

Na biyar, a tara tsofaffin da ke yankan gishiri da wanzamai, cikin mutunci ba da barazana ba, malamar asibiti ta yi musu bayani. Wadda na tarar a gidanmu ta dawo daga baya ta gaishe mu, ta ce ita abin da ta gada take yi, ba wanda ya taɓa ce mata akwai wata hanya. Na yarda da ita.

Alhaji, ranar Litinin ake komawa makaranta, kuma wannan zangon ne na jarrabawar fita aji uku. In ba ta zauna ba, an wuce ta, kuma na san ba za ta sake komawa ba. Shekaranjiya na tarar ta ba uwarta kayan makarantarta wai a rage wa ƙanwarta. Na karɓe, na wanke, na goge, suna rataye a ɗakina.

Hanya biyu ce zuwa makarantar. Akwai ta lungun bayan gari, akwai wadda ta bi ta ƙofar gidanka. Da ƙyar ta yarda za ta je, ta roƙe ni mu bi lungu. Na ce a'a. Wanda ya yi laifi shi ke bin lungu. Da ƙarfe bakwai da rabi za ni riƙo hannunta mu wuce ta gaban majalisarka, lokacin da kuke zaune kuna shan shayi, za ni kuma tsaya in sa ta gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mata.

Ban san abin da za ta ji a bayanta ba in mun wuce. Wannan yana hannunka, don Juma'a tana gaban Litinin.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da ake bukata wajen cewa na yi kuskure, don ya fi na shugabanci wuya. Allah ya raya maka 'ya'yanka mata da jikokinka, ya ba su lafiya, in kuma ya jarrabe su da ciwo, ya haɗa su da mai tambaya kafin ya yanke hukunci. Allah ya jiƙan Malam da ya karantar da mu duka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Malama Hajara,
goggon yarinyar.